Kwalin da Na Ƙi Karɓa

Talata, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Mun dawo daga Abuja ba a yi wa Sadiya allurar ba. Ni na hana, kuma da za a maimaita yau sau goma, sau goma zan hana.

Bari in rubuta tun raina yana tafasa, kada gobe wani ya juya maganar. Tun da aka yi wa ƙanwata aikin nan a gefen hagu, duk bayan sati uku, ranar Talata, ni ke raka ta asibiti. Ba zan rubuta sunan ciwon ba, ko a baki ba na kiransa. Mijinta Lukuman ya sauke mu a ƙofa ya wuce ofis, ni in ɗauki kula da ƙanƙara in je tagar ɗakin magani in karɓo, in kai wa nas ta haɗa a cikin ƙarin ruwa. Allura goma sha takwas likita ta rubuta, an yi takwas. Sau takwas ɗin nan kwali ɗaya nake karɓa, fari mai ratsin ruwan goro. Ko a duhu aka miƙo mini zan gane shi.

Yau sai ga kore. Suna daban, kamfani daban, ƙasa daban. Kuma wa ta miƙo mini? Rahila! Maman Samuel, wadda katanga ɗaya ta raba gidana da nata a unguwar Magajiya shekara goma sha huɗu, in aika mata naman layya, ta aiko mini da shinkafar Kirsimeti. Har da murmushinta.

"Maman Nura, an canja mana kamfani," in ji ta. "Aikinsu ɗaya da wancan, kuma ya fi sauƙi sosai. Bayosimila ake ce wa irinsa."

"Bayo me?"

"Makamancin wancan ne, an gwada shi..."

"Kwafi dai."

"A'a, ki tsaya in yi miki bayani."

Ni za a tsayar a yi wa bayanin kwafi? Shekara ashirin da biyu ina sayar da atamfa a kasuwar Suleja. Daga Garam, daga Madalla, mata na ɗauko kayan lefe su kawo mini in duba musu kafin a kai gidan amarya. In shafa, in shinshina, in juya baya, in ce wannan Holan ce, wannan kuma wanki ɗaya za ta zube. Ban taɓa kuskure ba. Abu in ya canja suna ya kuma faɗi a kuɗi, ba sai an ɗauko mai dogon karatu ba.

Na tura mata kwalinta ta tagar, na je na ce wa Sadiya ta tashi. Nas ta riga ta ɗaure mata hannu tana neman jijiya. Na ce ta kwance. Sadiya ta gyara ɗankwalinta ta biyo ni. Tun muna yara haka take, in na ce tashi, ta tashi.

Laraba, 2 ga Yuli, da hantsi, a shago

Jiya kafin magariba na yi magana a guruf ɗin matan kasuwa. Saƙon murya, minti uku da daƙiƙa goma sha ɗaya. Ban kama sunan kowa ba. To, na ce "wata maƙwabciyata mai zama a tagar magani," amma ai wannan ba suna ba ne.

Gargaɗi na yi wa mutane. In ban yi ba, wa zai yi?

Juma'a, 4 ga Yuli, bayan azahar

Lukuman ya zo har shago da dardumarsa a kafaɗa, daga masallaci. Ya tsaya yana murza hula kamar wanda ya zo biko.

"Yaya, likita ta ce wallahi maganin nan mai kyau ne. Kuma kin san filin Garam ya riga ya tafi. Da wannan ne kawai za mu iya kai wa ƙarshe."

Ashe nan aka dosa. Sauƙi! Na ce masa lokacin da ya zo neman aurenta bai nemi mai sauƙi ba, ita ya nace wa. Na ce in ya gaji ya faɗa, ina da ɗaki. Idonsa ya kawo ruwa, babban mutum, a gaban masu ciniki. Ban ji tausayinsa ba. Na ɗan ji, amma ya wuce.

Na yi masa alkawari ni zan nemo na asalin, ko a ina yake a ƙasar nan.

Asabar, 5 ga Yuli, da safe

Ruwa tun asuba. Ban yi laifi ba.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Rahila ta zo. Da kayan cocinta, da takardu a hannu, ta yi sallama a zaure. Ban ba ta tabarma ba. A tsaye muka yi magana, ni a bakin ƙofar ɗaki, ita a tsakar gida.

"Maman Nura, na ji saƙonki. Mutum shida suka turo mini. Ba wannan ya kawo ni ba."

Sai ta shiga karatu. Wai wannan magani ba irin ƙwayar ciwon kai ba ne da ake auna garin kaza da garin kaza a buga ta fito iri ɗaya sak. Wai rainonsa ake yi, ƙwayoyin halitta masu rai ne ke fitar da shi a cikin manyan tankuna. Wai kamar nono ne: ko a ƙwaryar mace ɗaya, na yau da na jibi ba sa zama ɗaya sak, amma duk nono ne. Wai shi kansa kamfanin farkon, wanda ya yi bara da wanda ya yi bana suna da ɗan bambancin da ba ya taɓa aikinsu. Da wa'adin da doka ta ba shi na yin shi shi kaɗai ya ƙare, sai wasu kamfanoni suka raini nasu, aka gwada a kan ɗaruruwan mata masu irin ciwon, gefe da gefe da na farkon, aka ga ba su bambanta a aiki ba, sannan hukuma ta ba su lamba.

Nono! Ƙanwata na kwance da rabin ƙirji, ana kawo mini zancen nono da ƙwarya.

Na ce, "Maman Samuel, amsa ɗaya nake so. Shi ne, ko ba shi ba ne?"

"Ba shi ba ne. Amma aikinsa..."

"Shi ke nan, kin gama."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ki zage ni yadda kike so, na yafe. Amma ki kai ta jibi. In ta wuce sati ɗaya, sai an sake sa mata babban awon allurar, mai yawa irin na ranar farko. Kuma abin da ake tsarewa ba ya jiran fushinki."

Ta ajiye takardun a kan turmi ta fita. Na ɗora tukunya a kansu.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Kwana bakwai. Ban san me ya sa nake ƙirgawa ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, kafin magariba

Ƙafata kamar ba tawa ba. Na rufe shago na shiga Abuja da tsohon kwalin a jaka, na bi manyan shagunan magani guda tara. Babu, babu, babu. Biyu sun ce za su iya sa a kawo, sai dai in jira wata biyu, kuma da suka faɗi abin da zan biya sai da na nemi kujera. Wani saurayi mai farar riga a shago na bakwai ya ce, "Mama, ai akwai makamancinsa, har kala biyu," ya buɗe firij ya nuna mini koren nan da wani shuɗi.

Wato bakinsu ɗaya. Daga asibiti har kanti an haɗa kai a kan talaka. Allah ya isa.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan azahar, a shago

Yau kasuwa kamar an ɗaura mini rawani. Kowa ya wuce sai ya leƙo: "Hajiya Mairama, Allah ya saka da alheri, kin tona musu asiri." Wata da ta zo sayen leshi ta ce a Minna ta ji saƙon, 'yar uwarta ce ta turo mata daga Kaduna. Minti uku da daƙiƙa goma sha ɗaya, ya je inda ni ban taɓa zuwa ba.

Da zan fito da safe na haɗu da Irmiya, mijin Rahila, yana wanke mota. Na gaishe shi, ya amsa da ka. Mutumin da ya ɗauke ni a motar nan zuwa asibiti ranar da zan haifi Nuraddeen. An ce wai an kira matarsa gaban wani kwamiti a wurin aiki, an ɗauke ta daga taga har a gama bincike. To ni na kira ta? Mai gaskiya ai ba ya tsoron kwamiti.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Na kai wa Sadiya faten acca, ta ci cokali huɗu. Tana sanye da jar atamfar nan tata mai tsuntsaye, wadda na sa mata a kayan aure. In ba ta jin daɗi ita take ɗaurawa, wai tana kwantar mata da rai. Gashinta ya fara tsirowa, laushi kamar na jariri.

Sau uku na ga ta kai hannu hammata tana shafawa. Ban tambaya ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

"Yaya, an samu?"

"Ana hanya."

"To. Ni dai abin da kika ce."

Alhamis, 17 ga Yuli, da hantsi

Likitarta ta kira ni da kanta, Dakta Omolara, da Hausarta mai tsalle-tsalle.

"Hajiya, ina Sadiya? Sati biyu ya wuce. Wannan magani, ni da kaina zan ba mamana. Please, ki kawo ta."

Na ce ta ba mamanta, mu muna jiran na asali. Ta ce bayan aiki babu ciwon da ido ke gani, allurar tana farautar ɓurɓushin da ya ɓuya ne, kuma duk satin da aka tsallake an ba shi fili. Na ce na gode, ina da ciniki. Babu kowa a shagon.

Me ya sa duk wanda zai yi maganar sai ya tsorata ni? In kayansu na kirki ne, me ya kawo barazana?

Asabar, 19 ga Yuli, da asuba

Na yi mata addu'a har gari ya waye. Ban yi laifi ba. Tsare ta nake yi.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Yau da ta goma za a yi. Ta tara ma tana nan a wuyanmu.

Amma Allah ba ya barin bawansa. Wani ya kira ni, ya ce sunansa Sadisu, ya ji saƙona ya nemo lambata wurin matan kasuwa. Ya ce, "Hajiya, kin faɗi gaskiya, duk ƙarya suke sayarwa. Ni ina da orijina, fari mai ratsin goro, kai tsaye daga waje." Ya ce ba shi da shago saboda manya sun sa masa ido. Jibi zai taso daga Kaduna, mu haɗu a bakin titi wajen dutsen Zuma.

Na kira Sadiya na ce an samu. Ta yi hamdala. Jibi zan so in ga idon Maman Samuel.

Alhamis, 24 ga Yuli, kafin magariba

Zan rubuta yadda aka yi.

Na je da kulata da ƙanƙarata. Rana tsaka, ruwa ya ɗauke, kwalta na tururi. Sadisu ya tsaya a bayan masu gasa masara, dutsen na sama da mu. Mutum mai fara'a, ga tabon sallah, Hajiya sama Hajiya ƙasa. Ya buɗe but ɗin mota ya zaro baƙar leda daga gefen taya.

Daga gefen taya. Maganin da wata shida nake gudu da shi a cikin ƙanƙara daga taga zuwa ɗakin nas, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba.

Ya miƙo mini, kwalin da ɗumi kamar burodi. Amma shi ne: fari, ratsin goro, sunan nan harafi da harafi, tambarin kamfanin a kusurwa. Zuciyata ta ce karɓi. Har na zuge jaka. Sai hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin da biyu ba tare da ya shawarce ni ba. Na lashi babban yatsa na murza tambarin.

Ya biyo yatsana.

Na ɗago kwalin a rana. Ya cika sheƙi. Ratsin goron ya ɗan hau kan rubutun. Na zaro tsohon kwalin daga jaka na murza shi da ƙarfi, ko gezau. Kafin in ɗago kai mutumin ya fizge ledarsa, ya ce in ban shirya saye ba kada in ɓata masa lokaci, ya ja mota. Ko lambar ban riƙe ba.

Na zauna a kan bencin mai masara. Abin da kowace yarinyar shago ta sani a satinta na farko, shi ya faɗo mini a rai. Atamfar jabu sunan babban kamfani take sata, ta buga a gefenta, da tambari da komai, don a ɗauka ita ce. Masaƙar da ta saƙa tata ta rubuta sunan kanta da garinsu a gefe, ba mu taɓa kiranta jabu ba. Mu ce ta wani kamfani ce, mu duba ingancinta, in ta yi mu saya.

Koren kwalin nan sunansa ya rubuta. Da kamfaninsa, da ƙasarsa, da lambarsa. Daga firij ya fito. Kuma da na tambayi Rahila ko shi ne, ta dubi idona ta ce ba shi ba ne.

Shi kuma Sadisu ni na jawo shi. Da bakina na yi masa talla.

Juma'a, 25 ga Yuli, da safe

Tawadar ba ta gama fita daga yatsana ba.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan azahar

Na ɗaga tukunya na ɗauko takardun Rahila, gindin tukunyar ya yi musu baƙin zobe. Na sa Lukuman ya karanta mini su da Hausa, layi-layi. Duk abin da ta faɗa a tsakar gidana yana ciki. Ya miƙo mini su kawai, da ya zage ni ma da ya fi.

Sannan na shiga wurin Sadiya na ce ta shirya, ranar Talata za mu je a sa mata koren.

Ta ce a'a.

Na zaci ban ji daidai ba. Sadiya, da in na ce tashi take tashi.

"Yaya, ke kika ce guba ce a kwalba. Na saurari saƙonki ya fi sau ashirin."

"Na yi kuskure."

"Ba ki kuskure a kan jabu. Kin dai rasa na asalin ne, kuma kin ga ina shafa nan, shi ne kika tsorata. Gara in jira."

Na nuna mata yatsana, na ba ta labarin Zuma, na yi rantsuwa. Ta juya fuska bango. Kai, wannan yarinya da taurin kai! A ina ta koyo? Na fito ina faɗa ni kaɗai har bakin titi, mai keke ya ɗauka da shi nake.

Lahadi, 27 ga Yuli, da azahar

Na tsaya a ƙofar gidan su Rahila har suka dawo daga coci. Matan layi na leƙe, na bar su su leƙa. Na durƙusa a gaban motar, a cikin taɓo, da sabon leshina.

"Maman Samuel, na zalunce ki."

Ba ta ce in tashi ba. Ta fito ta rufe ƙofar motar a hankali.

"Kwamiti ya wanke ni tun ranar Laraba, gobe zan koma taga. Wannan ba komai ba ne. Kin san mata nawa suka daina zuwa? Huɗu, ban da Sadiya. Ɗaya daga Kwali take zuwa, ba ta da waya ma, a mota aka kunna mata. Ba ni za ki durƙusa wa ba, Maman Nura."

Irmiya ne ya ce, "Hajiya, tashi, zanenki." Ita ta shige gida. Can sai ta leƙo ta ce in Sadiya ta yarda in sanar da ita kwana biyu kafin, don sai an sake duba zuciyarta kafin a sa mata babban awon.

Ta fi ni. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ta fi ni.

Talata, 29 ga Yuli, bayan la'asar

Wata Talatar ta wuce. Akwai abin da na yi niyyar shiga kabari da shi, yau na fito da shi.

Na tarar da ita da jar atamfar a jikinta. Na zauna a bakin gado na kama gefen zanen.

"Shekara nawa kina ɗaura wannan?"

"Goma sha tara."

"Ta taɓa zuba? Ta koɗe?"

"Haba Yaya, Holan ce fa."

"Ba Holan ba ce. Ta wata masaƙa ce a Kaduna. Lokacin aurenki ban da ƙarfin Holan, kuma ba na so dangin Lukuman su raina mu. Na zaɓo wadda na san ba za ta ba ni kunya ba, na sa almakashi na yanke gefen da ke da sunanta, na ce miki Holan ce. Ita ba ta yi ƙarya ba, ni na yi. Kin ce ba na kuskure. To ga ni, har ƙarya ina yi."

Ta kalli tsuntsayen. Na jira kuka, ko faɗa. Sai ta ce, "Shi ya sa kullum take ɗan gajarta mini a ƙafa."

Muka yi dariya har ta riƙe gefenta na hagu, daga nan dariyar ta koma wani abu. Da ta share ido ta ce, "Yaya, na gaji ne. Da kika ce kada a sa, wallahi daɗi na ji. Sati uku-uku, jijiya, warin ɗakin nan. Kika ba ni inda zan ɓuya, na ɓuya."

Ban san wannan ba. Wata shida ina riƙe da kula, ban taɓa tambayarta ba.

Ta ce za ta je. Amma ita za ta karɓo kwalin da hannunta, ni in zauna a benci.

Laraba, 30 ga Yuli, da hantsi, a shago

Na yi saƙo na biyu a guruf. Na faɗi sunana, na ce na yi kuskure, na yi bayanin nonon ma, Allah ya gani, yadda Rahila ta yi mini. Na ce wanda ke da shakka ya tambayi likitansa, ya duba lambar hukuma, kada ya sayi magani a but ɗin mota.

Mutum uku suka amsa. Ɗaya ta sa hannun addu'a. Ɗaya ta tambayi ko shaddar nan ta iso. Ta ukun ta ce, "Hajiya, nawa suka ba ki?"

Nawa suka ba ni! Da na zagi mutuniyar kirki, har Minna aka kai. Yau da na faɗi gaskiya ko ƙofar kasuwa ba ta fita ba. Wane irin mutane ne mu?

Asabar, 2 ga Agusta, da yamma

An duba zuciyar jiya, lafiya lau. Dakta Omolara ta taɓa hammatar, ta daɗe, ta rubuta a yi mata hoton wurin. Ba ta kalle ni ba. Na gode mata da hakan.

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar, a asibiti

A kan benci nake rubuta wannan, a bakin ɗakin ƙarin ruwa. Ta ƙofa ina hango Sadiya a kujera, da jar atamfarta, ruwan na sauka. Ita ta je taga. Na ga Rahila ta miƙo mata koren kwalin da hannu biyu, sun yi wata magana da ban ji ba.

Ɗazu wata ta zauna kusa da ni, Oluchi, mai shagon kayan roba a Madalla. Mahaifiyarta ta kawo, tsohuwa mai sanda, irin ciwon ɗaya. Kularsu a ƙasa, babu komai a ciki. Ta ce sun zo ne su gaya wa likita ba za su karɓi sabon ba. Da ta ga abin da nas ta haɗa wa Sadiya sai ta dafa ni.

"Hajiya, abeg, 'yar uwanki ne? Ki saurara wannan kafin ya shiga jikinta duka."

Ta danna waya ta kara mini a kunne. Na ji mace tana sallama, cike da isa, tana cewa shekara ashirin da biyu tana gane jabu. Na ji ta ce guba ce a kwalba. Na ji ta ce duk mai ƙaunar ɗan uwansa ya ɗauke shi ya gudu. Ban taɓa saurarensa ba tun ranar da na tura. Ashe haka na iya magana.

Na ce, "Madam, kashe. Ni ce. Muryata ce, kuma kuskure na yi."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi wayar, ta yi dariya.

"Haba Hajiya. Wannan matar ta san abin da yake faɗa."

Na rantse mata. Na maimaita mata sallamar da bakina don ta ji muryar. Na nuna mata ƙanwata da allura a hannu, na ce ga wadda na fi so a duniya, ki duba abin da ake sa mata. Ta ja tsohuwarta suka koma wancan bencin, ta sake kunna shi daga farko, su biyu sun haɗa kai a kan wayar. Minti uku da daƙiƙa goma sha ɗaya, na zauna na ji shi har ƙarshe.

Kwana talatin da biyar Sadiya ta yi a makare. Likita ta ce ba za a san abin da suka jawo ba sai hoton ya fito. Duk abin da ya nuna, ba Rahila ba ce, ba Lukuman ba ne, ba koren kwali ba ne.

Kularsu na nan a ƙasa inda suka manta ta, kusa da ƙafata. Zan rufe littafin nan in kai musu, in sake gwadawa.